Sa'ad da Gani Ya Kori Ji

Duk wanda ya yi makaranta a ƙasar nan kafin zuwan wayar hannu yana tune da ranar ba da hutu. Bayan taron safe, malamin aji yakan shigo da tarin takardun sakamako a hammatarsa, ya kira sunaye ɗaya bayan ɗaya, tun daga na ɗaya har zuwa na ƙarshe. Kowane yaro ya karɓi tasa, ya naɗe, ya sa a jaka, ya kama hanyar gida. Ga wanda ya ci, hanyar gajeriya ce, da gudu yake cinye ta. Ga wanda jan biro ya cika takardarsa kuwa, tafiyar mil ɗaya takan ɗauki rabin yini. Yakan tsaya a gindin mangwaro ya buɗe takardar, ya sake dubawa ko lambobin sun canja. A nan ne zuciya takan kawo masa shawarwari iri iri: ya ce malam bai ba da ba, ya ce ruwan sama ya jiƙa ta, ko kuwa ya nemi biro ya mai da 3 ta zama 8. Bayan wannan kokawa duka, yawancin yara sukan isa gida, su durƙusa, su miƙa takardar da hannu biyu, su sunkuyar da kai.

A makarantu masu yawa yau wannan tafiya ta ƙare. Kafin yaro ya fita daga ƙofar makaranta, mahaifinsa ya riga ya ga sakamakon a wayarsa, ko yana ofis, ko yana kasuwa, ko yana wani gari dabam. Sa'ad da yaron ya iso gida ba shi da labarin da zai bayar, sai dai hukuncin da zai karɓa. Tambayar da ta cancanci nazari ita ce: me aka samu, me kuma aka rasa, a ranar da labarin yaro ya fara riga yaron isa gida?

Yadda abin yake

Abin da jama'a suke kira "fotal" shafi ne na makaranta a intanet, mai ƙofofi uku. Malami yana shiga ta ƙofarsa ya rubuta makin gwaji, da na aikin gida, da sunayen waɗanda suka zo da waɗanda ba su zo ba. Ɗalibi yana shiga ta tasa ya ga jadawalin darasi da aikin da aka ba shi. Mahaifi ko mahaifiya su ma suna da lambar sirri, da ita suke ganin makin yaro, da halayyarsa kamar yadda malamai suka rubuta, da abin da ya rage na kuɗin makaranta. Na'ura ce take haɗa maki, ta fitar da jimla, ta jera yara bisa ga ƙoƙarinsu.

Abin bai zo rana ɗaya ba. Wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001. Daga nan hukumomin jarrabawa irin su WAEC da NECO suka koya wa iyaye sayen katin kankarewa domin duba sakamako a shagon intanet. A 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta duka kan kwamfuta. Sa'an nan annobar korona ta rufe makarantu a watan Maris na 2020, suka yi watanni a rufe, har makarantun da a dā suke jan ƙafa suka rungumi Google Classroom da zaurukan WhatsApp domin kada karatu ya tsaya cak. Bayan an buɗe makarantu, abin bai koma baya ba. Makarantun kuɗi da yawa a birane, har da na ikkilisiyoyi, sun mai da shafin intanet hanyarsu ta ba da sakamako da karɓar kuɗi.

Alherin da ke ciki

Adalci ya bukaci a fara da faɗin amfaninsa, gama yana da yawa. Sojan da yake bakin aiki a arewa maso gabas yana iya sanin yadda 'yarsa take karatu a Jos. Gwauruwar da ta sa ɗanta a makarantar kwana da guminta ba sai ta jira wata uku kafin ta ji cewa ya daina shiga aji ba. Yaron da yake fita da kayan makaranta kowace safiya ya zarce gidan kallon ƙwallo, asirinsa yana tonuwa cikin mako guda, tun abin bai yi nisa ba. Rasidin kuɗin makaranta ba ya ɓacewa, malamin da yake so ya ƙara wa ɗan wani maki a ɓoye kuma yana sane da cewa na'ura tana iya riƙe sawun hannunsa.

Akwai bincike da ya goyi bayan wannan. A jihar West Virginia ta Amurka, masu bincike biyu, Peter Bergman da Eric Chan, sun haɗa littafin makin malamai na kwamfuta da wayoyin iyaye a makarantu 22, har ya zama idan yaro ya ƙi yin aikin gida ko ya ƙi shiga aji, saƙon tes yana zuwa wa iyayensa. Sakamakon da aka buga a 2021 ya nuna faɗuwa a darussa ta ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, shiga aji kuma ya ƙaru. Amma binciken ya nuna wani abu kuma: makin yaran a babbar jarrabawar jiha bai motsa ba. Idon iyaye ya sa yara sun zauna a aji sun miƙa aikinsu. Abin da yake shiga kan yaro ya zauna, wannan yana bukatar abin da ya fi ido.

Ji iri biyu

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Ma'anar karin maganar a fili take: abin da mutum ya gani da idonsa ya fi jita-jita ƙarfi. Amma kalmar "ji" tana da wata ma'ana, wato saurare, kasa kunne ga mutum har a gane abin da ke zuciyarsa. Haɗarin shafin makaranta shi ne ya kori wannan ji na biyu tare da na farkon. Uban da ya riga ya ga 34 a lissafi yakan ɗauka ya san kome, tambayar da zai yi wa yaron ma ba tambaya ba ce, tuhuma ce.

Lambar 34 kuwa abu kaɗan take faɗa. Ba ta faɗi cewa yaron ya zauna a bayan aji ne inda ba ya ganin allo, idonsa yana bukatar tabarau ba. Ba ta faɗi cewa an canja malamin lissafi sau uku a zango ɗaya ba, ko cewa wani babban yaro yana ƙwace masa abincin tara, ko cewa tun daren da ya ji iyayensa suna faɗa hankalinsa bai koma jikinsa ba. Ba ta kuma faɗi cewa a zangon baya 19 ya samu, wannan 34 ɗin da jiɓin goshi ya same ta ba. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji masu iya magana. Fuskar waya ba ta cikin fuskokin da suke nufi.

Har wa yau, lambar da ke kan waya tana iya zama kuskure. A watan Mayu na 2025, sakamakon jarrabawar JAMB ya fito da fiye da ɗalibai miliyan ɗaya da rabi ƙasa da maki 200 cikin 400. Yara da yawa suka yi kuka suka ce wannan ba makinsu ba ne, mutane da yawa kuma suka ce ai yaran zamani ba sa karatu. A ranar 14 ga watan, shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida da hawaye ya amsa cewa an sami matsala a na'urorinsu, wadda ta shafi ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 a Legas da jihohin kudu maso gabas, aka kuma ba su damar sake rubutawa. A watan Agusta na shekarar nan ɗin, hukumar WAEC ita ma ta gyara sakamakon da ta fitar bayan ta gano kuskure wajen makin wasu takardu, adadin waɗanda suka ci darussa biyar har da Turanci da lissafi ya tashi daga kashi 38 zuwa kusan kashi 63 cikin ɗari. Hukumomin sun yi abin da ya dace da suka amsa laifinsu. Amma a cikin kwanakin da ke tsakanin kuskure da gyara, a gidaje nawa aka gaskata waya aka ƙaryata yaro? Hukuma tana iya gyara maki cikin kwana huɗu. Maganar da uba ya faɗa wa ɗansa a cikin fushi, shi kaɗai zai iya gyara ta, in ma ta gyaru. In kuwa manyan hukumomin ƙasa suna iya yin kuskure haka, balle malamin da yake shigar da makin yara ɗari biyu da dare, da fitilar waya, bayan aikin yini guda.

Makarantar da ke kan hanya

A nan ne ainihin batun yake. Tafiyar nan ta yaro daga makaranta zuwa gida da takarda a jaka, ita ma darasi ce, ko da yake ba ta cikin jadawali. A kan hanyar nan yaro yake koyon cewa abin da ya yi nasa ne, shi zai ɗauka, shi zai kai, shi zai tsaya ya amsa. Yana da ikon ɓoyewa, ya zaɓi ya nuna. Sau uku a shekara, shekara goma sha biyu, yana yin wannan zaɓi, har ya zama masa jiki. Mutumin da zai iya zuwa wurin maigidansa ya ce, "Ranka ya daɗe, ni na yi ɓarnar nan," tun ba a gano ba, sau da yawa a irin wannan hanya ya fara koyo.

Akwai bambanci tsakanin yaron da ba ya ƙarya da yaron da ba shi da halin yin ƙarya. Na farko mai gaskiya ne. Na biyu ba a san ko wane ne ba tukuna, shi da kansa ma bai sani ba. Akuyar da aka ɗaure ba a yabonta don ba ta shiga gonar maƙwabci ba. Gaskiya hali ne da yake girma ta wurin aikatawa, kamar yadda ƙafa take ƙarfi ta wurin tafiya, aikatawa kuwa tana bukatar wuri inda mutum zai iya yin akasin haka. Yaron da ya tashi yana sane da cewa kowane motsinsa ya riga shi isa gida, abin da yakan koya shi ne tsoron kamu. Mai tsoron kamu kuwa yakan yi kirki muddin ido yana kansa. Ranar da ya shiga jami'a, ko ya tafi bautar ƙasa a jihar da ba wanda ya san shi, ko aka damƙa masa asusun ofis, sai a ga abin da aka gina a cikinsa.

Mai tunani zai iya cewa: ashe a bar ƙofar ƙarya a buɗe ke nan domin yaro ya koyi gaskiya? Yara nawa ne suka lalace a dā domin iyayensu ba su sani ba sai da lokaci ya ƙure? Wannan magana ce mai nauyi, ba a kuwa isa a yi watsi da ita ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, uban da ya ce ba zai duba ba domin yana so ya nuna amincewa, mai yiwuwa ne lalaci yake ɓoyewa a bayan kyakkyawar kalma. Iyaye suna da hakkin sani, alhakin yaro yana wuyansu. Amma hakkin sani bai ce dole ne su riga yaron magana ba. Uba yana iya ganin 34 a wayarsa da rana, ya ajiye wayar, ya dawo gida, a ci tuwo, sa'an nan ya ce, "Yaya jarrabawar lissafin nan?" Idan yaron ya faɗi gaskiya, uban ya sami abin da ya fi maki ɗari daraja, ya kamata kuma ya nuna wa yaron haka kafin ya taɓa batun faɗuwar. Idan yaron ya yi ƙarya, uban ya gano matsalar da ta fi lissafi girma, ya gano ta kuwa tun tana ƙarama.

Sai dai kada wannan ya zama tarko. Ya kamata yaro ya sani a fili cewa iyayensa suna da lambar sirri, suna kuma dubawa. Abin da ake ba shi shi ne girman zama na farko da zai kawo labarinsa. Uban da yake ɓoye cewa ya gani domin ya kama ɗansa, shi ma ƙarya yake koya masa ta wata hanya.

Malami da mantuwa

Shafin bai bar malami yadda ya same shi ba. A dā mahaifi yakan taka zuwa makaranta, a gaisa, a tambayi iyali, sa'an nan a shiga batun yaro. Malamin da ya ga tsohuwar da take riƙon jikanta, ya ga tsagaggen takalminta, ba zai ƙara kallon yaron kamar dā ba. Yanzu mahaifi yana iya yin shekara shida yana ganin sunan malami a waya bai taɓa ganin fuskarsa ba, sai ranar da maki ya ɓata masa rai ya aika da saƙo mai zafi da ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Malamin da ya san kowane maki da ya rubuta zai jawo masa kira, musamman a makarantar da take tsoron rasa masu biyan kuɗi, yakan koyi sassauta alƙalaminsa. Ta haka na'urar da aka kawo domin gaskiya ta fito fili take iya haifar da maki masu daɗin gani marasa gaskiya.

Akwai kuma batun mantuwa. Takardar sakamakon dā takan tsufa a ƙasan akwati, gara ta ci, a manta. Yaron da ya yi rashin ji a aji ɗaya yakan shiga aji huɗu a matsayin sabon mutum. Na'ura ba ta mantuwa sai an umarce ta. Abin da malami ya rubuta a kan yaro mai shekara goma sha ɗaya yana nan yana jiran kowane sabon malami, ya sa masa tabarau kafin ya ga yaron. Girma yana bukatar a iya barin jiya a baya, jinƙai ma wani lokaci mantuwa ce da aka yi da gangan. Abin da aka ajiye kuma ana iya sace shi. A watan Disamba na 2024 aka kutsa cikin rumbun kamfanin PowerSchool, wanda dubban makarantu a Amurka da Kanada suke amfani da shi, ta wurin lambar sirri da aka sata, aka kwashe bayanan ɗalibai fiye da miliyan 60. Wani ɗalibin jami'a mai shekara 19 ya amsa laifin a kotu a 2025. Nijeriya tana da dokar kare bayanan jama'a tun watan Yuni na 2023, wadda ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su. Makarantar da ta tara sunayen yara, da hotunansu, da adireshin gidajensu, da lambobin iyayensu, a ƙasar da ake satar mutane domin kuɗin fansa, amana ce babba ta ɗauka. Iyaye suna da ikon tambaya wa yake riƙe da mabuɗin.

Kada a manta kuma da mahaifiyar da ba ta da babbar waya, ko ba ta iya karatu ba, wadda sai ta kai lambar sirrin wurin mai shagon intanet ya karanta mata sirrin ɗanta a gaban jama'a. Makarantar da ta daina ba da takarda gaba ɗaya ta rufe wa irin wannan uwa ƙofa. Wadda kuma take kulle sakamakon yaro sai an biya kuɗi, ta tuna cewa yaron ne yake shan kunyar bashin da ba shi ya ci ba.

Ranar miƙa mabuɗi

A Amurka akwai doka tun 1974 da ta ba iyaye ikon duba bayanan karatun 'ya'yansu, amma ta ce ikon yana komawa hannun ɗalibin da kansa sa'ad da ya cika shekara 18 ko ya shiga babbar makaranta. Ba lalle ne al'adar wata ƙasa ta dace da ta wata ba, ɗa a ƙasar nan ɗa ne ko da ya yi furfura. Duk da haka akwai hikima a cikin dokar: ta amsa cewa sa ido yana da ranar ƙarewa. Manufar reno ita ce a fitar da mutumin da zai iya tsayawa ba tare da mai tsaro ba. Saboda haka yadda ake duba shafin ɗan firamare bai kamata ya zama yadda ake duba na ɗan ajin ƙarshe na sakandare ba. Ƙaramin yaro a bi shi kusa. Wanda ya fara girma a ja baya kaɗan, a bar shi ya faɗi a ƙaramin gwaji ya tashi da kansa ba tare da an kira taron dangi ba. Uban da har yanzu yake riƙe da lambar sirrin ɗansa na jami'a, yana dubawa kowane mako, ya tambayi kansa ko yaron ne bai girma ba, ko kuwa shi ne ya ƙi sakin igiya.

Abin da ya kamata

Iyaye su sa wa kansu lokacin dubawa, sau ɗaya a mako ko a wata, maimakon kowane sa'ad da hannu ya taɓa waya. In zai yiwu a buɗe shafin tare da yaron, yana zaune kusa, shi ne yake bayani. Kada a yanke hukunci a ranar da aka ga mummunan maki. A ji daga bakin yaro, a ji daga bakin malami. A taka zuwa makaranta aƙalla sau ɗaya a zango, a halarci taron iyaye da malamai da jiki. Makarantu kuwa su ba yara sakamakonsu a hannu tukuna, su jinkirta buɗe wa iyaye shafin da yini ɗaya, su ci gaba da ba da takarda ga mai bukata, su kuma share ƙananan laifofin yara daga rumbunsu bayan wani lokaci.

Yini ɗayan nan ba zai rage wa kowa kome ba. Zai dai mayar wa yaro da hanyarsa ta zuwa gida, da gindin mangwaronsa, da kokawar zuciyarsa. Uban da ya ga ɗansa ya shigo, ya durƙusa, ya ce, "Baba, ban ci lissafi ba," alhali ba wanda ya tilasta shi, ya ga abin da babu shafin makarantar da yake da gurbin rubuta shi.